Likitan da ya koma ƙirga almakashi

 

Yau a shirinmu na rediyo na kiwon lafiya za mu leƙa wani lungu na aikin likita da ba a cika zancensa ba, saboda ya shafi wurin da ake jin nauyin ambata. Akwai likitocin tiyata da aikinsu kacokan shi ne hanyar fitsarin yara: ƙoda, da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda, da mafitsara, da mazakuta, da 'ya'yan maraina. Jaririn da aka haifa ƙodarsa a kumbure, da yaron da fitsari ke koma masa sama maimakon ya fita, da wanda ɗan marainansa bai sauko ba, da wanda kaciya ta ɓaci, duk wurinsu ake kai su. Aiki ne na hannu mai laushi, sau da yawa da tabarau mai ƙara girman abu, da zaren da sai an ƙura ido ake ganinsa.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan likitoci shi ne Farfesa Martin Koyle, mutumin Kanada. Ya yi karatun likita a Jami'ar Manitoba, ya daɗe yana aiki a Amurka, a biranen Denver da Seattle, daga baya ya koma gida ya shugabanci sashen tiyatar mafitsara a babban asibitin yara na Toronto, wanda aka fi sani da SickKids. A fagen tiyata ba ƙaramin mutum ba ne. Yana cikin na farko-farkon da suka cire wa jarirai ƙodar da ta lalace ta ƙananan huji da kyamara, ba tare da an tsaga ciki ba. To mutumin da ya kai nan, ya manyanta a aiki, ɗalibai na bin bayansa, sai ga shi ya koma aji. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Toronto a kan inganta aikin asibiti da kare majinyaci daga cutarwar da asibitin kansa kan jawo masa.

Me kuke tsammani ya duƙufa a kai bayan wannan karatu? Cikin ayyukan da ya fitar akwai wanda aka buga a 2018, kuma a kan farantin kayan tiyata ne. Faranti dai, wanda ake jera almakashi da matsi da ƙugiyoyi a kai.

Ga yadda abin yake. Aikin ƙaba, wato gwaiwar da ke fito wa yaro a matsematsi, yana cikin tiyatar da aka fi yi wa yara a duniya. A asibitin nasu ɓangare biyu ne ke yin ta, likitocin mafitsara da likitocin tiyatar yara na gama-gari, kuma kowane ɓangare da farantinsa. Shekara da shekaru, duk likitan da ya zo sai ya ce a ƙara masa kaza, ya tafi ya bar kayan a faranti, ba wanda ya cire. Sai suka sa mutum ya tsaya a ɗakin tiyata, ba abin da yake yi sai lura da rubutu: wanne aka ɗauka, wanne aka bari. Da aka tattara, sai aka ga kaya masu yawa hannu ba ya ko kai musu. Suka haɗa faranti ɗaya ƙarami da ɓangarorin biyu suka amince da shi, suka gwada, suka tambayi likitoci da nas-nas da masu wanke kaya yadda suka gan shi.

Wani zai ce, to ina ruwan yaron da ke kwance da yawan almakashi? Da ruwansa. Kowane ƙarfe da ke farantin nan sai nas ta ƙirga shi kafin a fara aiki, ta sake ƙirgawa kafin a ɗinke, don kada a bar wani abu a jikin yaro. Sai an wanke shi, an duba shi, an turara shi a tukunyar kashe ƙwayoyin cuta, an naɗe, an ɗauko, ko an yi amfani da shi ko ba a yi ba. Kaya na yawa, ƙirga na tsawo, hankali na rabuwa, yaro na daɗewa a ƙarƙashin maganin barci. Kuma nas ɗin da yau take tare da wannan likita gobe da wancan ba za ta riƙa lalube a faranti iri biyu ba. Ƙwarewar hannun Farfesa tana amfanar yaron da ke gabansa ne kaɗai. Farantin da aka gyara kuwa yana amfanar duk yaron da za a shigo da shi ɗakin, har ranar da Farfesa yake hutu, har bayan ya yi ritaya.

Wannan tunani ba shi ya fara shi ba. Fiye da shekara 100 da suka wuce, a birnin Boston, wani likitan tiyata mai suna Ernest Codman ya dage cewa kowane majinyaci a buɗe masa kati, a bi shi aƙalla shekara guda bayan aiki, a rubuta ko ya warke, in bai warke ba a rubuta dalili. Abokan aikinsa ba su so zancen ba. Ya buɗe ƙaramin asibitinsa, ya buga sakamakon majinyata 337 da ya sallama tsakanin 1911 da 1916, ya lissafa kurakurai 123 da aka yi a kansu, da hannunsa, kowa ya karanta. Bai yi farin jini ba, ya mutu ba shi da wani abin duniya.

Wanda ya farfaɗo da maganar a zamaninmu shi ma likitan tiyatar yara ne, Dokta Lucian Leape. Ya shafe shekaru yana yi wa yara aiki, har ya shugabanci sashe a Boston, sannan ya ajiye wuƙa yana da shekara 50 da 'yan kai ya koma nazarin yadda ake gudanar da asibitoci. Yana cikin masanan Jami'ar Harvard da suka zauna suka bi fayil sama da 30,000 na mutanen da aka kwantar a asibitocin jihar New York a 1984. Sakamakon ya fito a 1991: kashi 3.7 cikin 100 sun cutu, ba daga ciwon da ya kawo su ba, daga jinyar da aka yi musu. A 1994 Leape ya rubuta maƙalar da ta girgiza likitoci, inda ya ce akasarin kurakuran nan ba mugaye ko ragwaye ke yin su ba. Mutanen kirki ne, ƙwararru, masu aiki a cikin tsarin da ya dasa musu tarko: kwalabe biyu masu kama da juna a durowa ɗaya, rubutun da ba ya karantuwa, ma'aikacin da ya kwana biyu bai runtsa ba. Ka kori nas ɗin da ta ɗauki kwalbar da ba ita ba, kwalaben na nan a durowa suna jiran wadda za ta maye gurbinta. Ya kuma nuna cewa muddin hukunci ne ke jiran duk wanda ya faɗi kuskurensa, to ɓoyewa za a yi ta yi, abin da aka ɓoye kuwa ba ya gyaruwa. A 1999 wata cibiyar masana lafiya ta Amurka, da Leape a cikin kwamitinta, ta fitar da rahoton da ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ne ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar saboda kurakuran da za a iya kauce musu. Daga nan maganar ta fita daga bakin likitoci ta shiga majalisa da jaridu.

Kada a ɗauka ana cewa a ƙyale mai ganganci ne. Wanda ya zo aiki a buge, ko ya bar majinyaci ya tafi harkarsa, hukunci ya dace da shi. Ana maganar wanda ya yi iya yinsa ne tsari ya kayar da shi, kuma su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.

A wurin yara tarkon ya fi yawa. Babba ana ba shi ƙwaya ɗaya ko biyu, yaro kuwa sai an auna nauyinsa an yi lissafi. Ɗigo ɗaya ya ɓace a rubutu, 0.5 ya koma 5, an ninka maganin sau 10 ke nan. Shi ya sa asibitocin da suka san abin da suke yi ba sa yarda a rubuta wa yaro magani sai an ɗora shi a sikeli, kuma magunguna masu haɗari sai mutum biyu sun duba lissafin, kowa shi kaɗai. Uwa, in an rubuta wa ɗanki allura ba a auna shi ba, ki tambaya cikin ladabi. Haƙƙinki ne.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan likitocin hanyar fitsarin yara da yadda wasunsu suka koma gyaran tsarin asibiti. Yanzu za mu zo kan ciwon da ya fi kowanne nuna amfanin wannan aiki, kuma ina roƙon iyaye maza su matso kusa da rediyo.

Kowane ɗan maraina yana rataye ne a jikin wata igiya da jijiyoyin jini ke bi ta cikinta. Wani lokaci ɗan marainan kan juya, igiyar ta murɗe, jini ya daina zuwa, kamar yadda tiyon ban-ruwa ke lanƙwashewa ruwa ya tsaya cak. An fi ganin haka a samari 'yan shekara 12 zuwa 18, ko da yake yana samun jarirai ma. Ciwon na zuwa farat ɗaya, sau da yawa cikin dare ya tashi yaro daga barci. Gefe ɗaya ya kumbura, ya yi tauri, ya ɗage sama, ga tashin zuciya ko amai. Wani yaron ma ba zai nuna wurin ba, mara zai riƙe ya ce cikinsa ke ciwo.

Maganinsa tiyata ce, ƙarama ma: a warware murɗin, a ɗinke ɗan marainan a mazauninsa, a ɗinke ɗaya gefen ma don kada ya bi sahu. Amma agogo ne ke mulki. In an yi aikin cikin awa 6 da fara ciwo, ana ceto kusan 9 cikin 10. Zuwa awa 12 ya koma kamar rabi. Bayan awa 24 da wuya a ceto ko 1 cikin 10, sai dai a cire mataccen.

To ina awa shidan ke tafiya? Wannan ita ce tambayar da masu gyaran tsari suka yi, suka ɗauki takarda suka bi yaro taki-taki. Ya yi awa biyu yana juyi a shimfiɗa, kunya ta hana shi gaya wa kowa. Da ya faɗa, aka ba shi maganin ciwon ciki aka ce a ga safiya. Da safe aka je ƙaramin asibiti, aka bi layin kati. Wanda ya duba shi ya danna ciki bai ce a sauke wando ba. Da aka gano, sai aka tura shi hoto, mai hoton bai iso ba. Sannan takardar tura shi babban asibiti, sannan neman mota, sannan a can ma a sake buɗe fayil, a sake tambayoyin da aka riga aka yi. Kafin ya ga fuskar likitan tiyata an gama komai. Duba duk jerin nan, ba mugu ko ɗaya a ciki. Kowa ya yi abin da ya saba, ɗan marainan kuwa ya mutu a tsakanin wannan tebur da wancan.

Gyaran da asibitocin yara da dama suka yi ba ya buƙatar sabuwar na'ura. Duk saurayin da ya zo da ciwon maraina ba ya bin layi. Duk wanda ya zo da ciwon mara da amai sai an duba masa maraina. Ana kiran likitan tiyata tun daga teburin karɓar marasa lafiya, kafin a gama rubuce-rubuce. A 2013 wasu likitoci a asibitin yara na Boston suka fitar da ma'aunin da ake kira TWIST, mai duba alamomi 5: kumburi, tauri, ɗagewar ɗan marainan sama, tashin zuciya ko amai, da rashin zaburar da ɗan maraina kan yi idan an shafi cikin cinya. Kumburi da tauri maki biyu-biyu, sauran ɗaya-ɗaya, jimla 7. Maki ya yi sama, a wuce ɗakin tiyata kai tsaye, kada a ɓata lokaci wurin hoto. An kuma gwada an ga ma'aikacin lafiyar da ba likita ba zai iya wannan lissafi. Sannan asibitocin suka kafa agogo: daga shigowa ƙofa zuwa fara aiki minti nawa? Kowane wata a kafe lambar a bango kowa ya gani.

Amma awannin farko a gida suke tafiya, kuma asibiti ba shi da iko da su. Malam, ka gaya wa ɗanka tun yana lafiya cewa in ya ji ciwo a wurin nan ya tashe ka ko ƙarfe nawa ne, ba za ka yi masa faɗa ba, ba za ka zarge shi da komai ba. Malaman makarantun kwana da na allo, ku ma wannan naku ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada a gasa, kada a shafa, kada a tsaya kyamis, kada kuma a ba shi abinci a hanya, don cikin da ba komai ya fi sauƙin maganin barci. A nufi asibitin da ake tiyata.

Sai batun hagu da dama. Ƙoda biyu ce, 'ya'yan maraina biyu ne, matsematsi biyu ne, don haka likitan wannan fanni kullum yana gaban haɗarin yin aiki a gefen da ba shi ba. Ya faru a manyan asibitocin duniya, an cire lafiyayyar ƙoda an bar mai ciwon. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya, da jagorancin Dokta Atul Gawande, ta fitar da takardar tantancewa mai abubuwa 19, da ake tsayawa a karanta da baki sau uku: kafin a sa barci, kafin a tsaga fata, da kafin a fita da majinyaci. Wane ne wannan? Wane aiki za a yi? Wane gefe, an yi masa alama? Akwai maganin da jikinsa ba ya so? Kayan da aka ƙirga sun cika? An gwada ta a asibitoci 8, daga Toronto da Landan har Ifakara ta Tanzaniya. Mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan tiyata daga kashi 11 zuwa 7.

Da jin haka hukumomi suka yi caa, aka mayar da ita dole. Lardin Ontario na Kanada, inda Toronto take, ya wajabta ta. A 2014 aka duba asibitoci 101 na lardin kafin da bayan, ba a ga wani canjin a-zo-a-gani ba. Leape ya yi sharhi a kai, ma'anar zancensa ita ce takarda ba ta ceton kowa in cikewa kawai ake yi don a kai ofis. A ganina wannan ne darasin da ya fi wuyar haɗiya a duk fannin. Takardar tana aiki ne ranar da ƙaramar nas za ta iya cewa, ranka ya daɗe a dakata, a fayil dama aka rubuta, babban likita kuma ya dakata ya ce na gode. Inda ake jin tsoron oga fiye da tsoron cutar da yaro, ko an buga takarda dubu a banza.

Haka muryar uwa. A 2001, a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, ɗaya daga cikin mafi shahara a duniya, wata yarinya 'yar wata 18 mai suna Josie King tana murmurewa daga ƙunar ruwan zafi, ana shirin sallamarta. Mahaifiyarta ta ga tana tsotsar tsumman wanka don ƙishi, ta yi magana, aka ce mata ba komai. Yarinyar ta rasu saboda ƙarancin ruwa a jiki da maganin kashe zafi mai ƙarfi da aka ba ta. Iyayen suka kafa gidauniya da sunanta, kuma daga irin wannan fafutuka ne wasu asibitoci suka ba iyali damar kiran tawagar gaggawa da kansu in sun ga ɗansu na canzawa ba a saurare su ba. Ma'aikacin lafiya, idan uwa ta ce maka yaron nan ba haka yake ba, ka ajiye biro ka je ka duba. Kai yau ka san shi, ita tun yana ciki.

Wani ɓangaren gyaran kuma shi ne daina yin abin da ba shi da amfani. Kimanin jarirai maza 3 cikin 100 da aka haifa a kan lokaci ɗan marainansu bai sauko ba, akasari yana saukowa da kansa a watannin farko. An saba tura su hoto, alhali hoton ba ya canza abin da za a yi, kuɗi da lokaci kawai yake ci. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ce a daina: in wata 6 ya cika bai sauko ba, a kai yaro wurin likitan tiyata ya duba da hannu, a yi aikin kafin wata 18. Ita ma robar fitsari haka. Kowace rana da ta ƙara a jiki, haɗarin shigar ƙwayoyin cuta na ƙaruwa da kashi 3 zuwa 7 cikin 100. Maganin shi ne a tambaya kowace safiya, har yanzu ana buƙatarta? In ba a buƙata a cire. In tana nan, jakar fitsarin ta kasance ƙasa da mafitsara amma kada ta taɓa ƙasa. A 2009 asibitocin yara 8 na jihar Ohio suka haɗa kai a kan irin waɗannan ƙananan ƙa'idoji, suka yarda ba za su yi gasa a kan tsaron majinyaci ba, kowa zai buɗe wa ɗan'uwansa lambobinsa. Yau asibitoci sama da 100 a Amurka da Kanada ke cikin wannan haɗaka.

Bari mu dawo gida da abin da ya shafe mu kai tsaye, wato kaciya. Ba aikin da ake yi wa 'ya'yanmu maza a wannan sashe na jiki da ya kai ta yawa, kuma likitocin mafitsara a asibitocin koyarwa su ke karɓar waɗanda ta ɓace musu: wanda jini ya ƙi tsayawa, wanda aka ɗebe wa fata fiye da kima, wanda fitsari ke fita ta huji biyu, wanda aska ta taɓa kan mazakutarsa. Kafin a ɗora wa wanzamai laifin duka, a saurari wannan. Wani bincike da aka buga a 2006 daga Ibadan ya duba jarirai maza 370, ya samu kusan 1 cikin 5 na waɗanda aka yi wa kaciya da matsala, kuma galibinsu ma'aikatan lafiya ne suka yi musu. Laifi tudu ne. Abin da ya bambanta mai kaciya nagari, da farar riga ko da zabira, shi ne horo, da tsafta, da sanin yaron da bai kamata ya taɓa ba, da komawa ya ga yadda aikinsa ya ƙare. Mai kaciya nawa ne a garinku ke da littafin da yake rubuta sunan yaro, da ranar aiki, da yadda ya warke? Mutum na iya shekara 20 yana maimaita kuskure ɗaya bai sani ba, saboda waɗanda suka cutu wani wuri ake kai su, shi kuma ba ya ganinsu. Kuma in abin ya faru sai a ce ƙaddara ce a rufe zancen. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta hana a zauna a tambayi yadda aka yi, domin akwai yaro na gaba a layi.

Ga yaran da ba a gaggauta yi musu. Na farko, wanda hujin fitsarinsa ba a tsakiyar kai yake ba, yana ƙasa, sau da yawa fatar ta rufe sama ta bar ƙasa a buɗe har a ce an haife shi da kaciyarsa. Ana samun haka a kimanin yaro 1 cikin 200 zuwa 300. Kada a yanke wannan fata, likita na iya buƙatarta wurin gyara, kuma a kan haɗa kaciyar da gyaran lokaci ɗaya. Na biyu, yaron da a danginsa, musamman ta wajen uwa, akwai mazan da jininsu ba ya tsayawa. Na uku, jaririn da ba shi da lafiya, ko bakwaini, ko mai shawara, sai ya murmure. Kowane yaro da askarsa sabuwa, don ciwon hanta da ƙanjamau na bin jini. Kada a sa toka ko ƙasa ko kashin dabba a ciwon.

Bayan an yi, a lura da abu uku: jinin da ya ƙi tsayawa bayan an danna da ƙyalle mai tsafta na minti 10, yaron da ya yi awa 8 bai yi fitsari ba, da zazzaɓi ko kumburi mai wari. Ko wanne aka gani, asibiti. In kuma tsautsayi ya sa aka yanke wani yanki na kan, kada a jefar, kada a binne. A naɗe shi a ƙyalle mai tsafta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a danne wurin da ke jini, a garzaya asibitin da ke da likitan tiyata. In an isa cikin 'yan awanni, akan iya mayar da shi.